Mai Yasar Rijiya da Masu Riƙe Igiya

Kai da kake cewa duk wanda bai san Allah yadda ka san Shi ba ko allura ba a ba shi ajiya, gyara zama ka ji misalin wani mai yasar rijiya.

Gwani ne a sana'arsa, Musulmi mai riƙo da salla, sai dai bakinsa ba shi da linzami. Aka kira shi wani ƙauye da rijiyarsu ta cushe da laka, ƙauyen da Musulmi da Kirista da Maguzawa ke jan ruwa da guga ɗaya. A ƙa'idar sana'ar, mai yasa ba ya sauka sai da mutum a sama riƙe da igiyar da ke ƙugunsa, yana sassautawa yana ja. To ranar zazzaɓi ya kwantar da ƙanensa mai riƙe masa, Musulmin ƙauyen kuma duk sun tafi jana'iza wani gari, sauran maza suna gonaki masu nisa. Maza biyu ne suka rage, wani tsohon Bamaguje da wani kafinta Kirista, suka ce za su riƙe masa. Ya dube su sama da ƙasa. Wannan yana cewa Allah ya yi nisa sai an bi ta iskoki, wancan yana cewa Allah na da ɗa. Mutumin da ya kasa gane Mahaliccinsa, ta ina zai gane jan igiya? Da a ransa ya bar maganar da sauƙi, amma sai da ya zazzage musu ita a fuska. Ya ɗaure igiyar a gindin tsamiya, ya ce kowa ya kama gabansa, shi zai fara sassare lakar kafin 'yan jana'iza su dawo. Da hantsi ya sauka, rataye da 'yar fitilar da masu yasa ke gwada iskar rijiya da ita.

Abin da ya manta shi ne itace ba ya sassauta igiya. Da ya kai ƙasa, zurfin gaba goma sha biyu, igiyar ta hana shi sunkuyawa, sai ya kwance ta daga ƙugunsa. Sara uku ya yi, gefen rijiyar ya zabtaro. Kafin ya ce wayyo laka ta lotsa da shi ƙasa, yashi ya binne shi har ƙugu, ga igiya tana lilo a saman kansa, ya miƙa hannu ya miƙa, saura taƙi ɗaya. Ga idon ruwan da ya buɗe ya fara tsattsafowa, sanyi na hawa daga cibiya zuwa haƙarƙari. Ya dubi fitila ya ga harshenta ya ƙanƙance ya yi shuɗi, kuma shi ya fi kowa sanin abin da wannan ke nufi: iskar rijiyar ta ɓaci. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya yi kira har muryarsa ta dishe, alhali ya san da bakinsa ya kori masu jin kiran.

Can sai ya ga kawuna biyu sun leƙo a bakin rijiyar. Ashe ba su tafi ba. Tsohon ya san ƙasar wurin mai yashi ce, shi ya sa ya ja kafintan suka zauna a inuwar wani rumbu suna kasa kunne. Kana tsammani ya yi murna? Ina! Duk maganar da ya yaɓa musu ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Shuri ɗaya a bakin rijiyar ya isa a rufe labarinsa, a ce da 'yan jana'iza ƙasa ce ta rufta, wa zai musa? Ya ga sun haɗa kai suna shawara. Sai ya ga igiyar ta motsa, ta yi sama, ta ɓace. Nan ya rufe ido ya fara kalmar shahada, ruwa ya kai masa ƙirji.

Da ya buɗe ido, tafin ƙafa ya gani, mai faso, yana saukowa a hankali. Tsohon ne ɗaure da igiyar a ƙugu, kafinta da matan ƙauye suna sassauta masa daga sama. Mutanen nan biyu shekara da shekaru suna musu a kan Allah ba su taɓa daidaitawa ba, ga shi ɗaya ya damƙa ransa a tafin hannun ɗaya. Da hannu tsohon ya riƙa tone yashin, yana ta gunguni da kiran kakanninsa, sa'an nan ya kwance igiyar daga jikinsa ya ɗaura wa mai yasa.

"Kai za a fara ja," in ji shi. "Ka fi ni shaƙar mugun iskan nan."

Ana jan sa yana jin kafinta na addu'a da ƙarfi irin ta majami'a, tsoho a ƙasa na nasa roƙon, shi kuma salati ke bakinsa, kowa na neman Allah ya tsare rai. Yana dafa bakin rijiyar, ko numfashi bai tsaya mayarwa ba, ya kwance igiyar ya jefa ƙasa, ya shiga bayan kafinta ya kama ja, yana kuka kamar yaro, har kan tsohon ya ɓullo.

Ba wanda ya bar addininsa a cikinsu, musun ma bai ƙare ba. Amma da aka dawo ƙarasa yasar bayan kwana uku, ƙanensa ya warke, Musulmi sun cika bakin rijiya, kafin ya sauka sai da ya nemo tsohon da kafintan ya ɗora hannuwansu a kan igiyarsa. Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce: Allah ɗaya, gari bamban.