Soso Mai Kaushi da Makullin Bas

Ku 'ya'yan yanzu, hannunku yana riga hankalinku tashi daga barci. Abin da ido ya fara gani shi hannu zai cafka, ba tambaya, ba dubawa. Kai Tanimu, da kai nake, da gemunka da iyalinka. Jiya ina zaune a zaure na ga ka ɗauki tsumman da aka share murhu da shi za ka goge babur. Ajiye wayar nan ka saurari kakarka. Ban yi boko ba, amma na yi daɓe, na yi shafen ɗaki, na san ba kowane abu ake ɗora wa kowane jiki ba.

An yi wani tsohon direba mai bas guda ɗaya, ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Da idonsa ya fara hazo, ya ga hanya ta fi ƙarfinsa, sai ya kai ta aka yi mata sabon fenti, shuɗi mai duhu, ya shiga neman wanda zai riƙe masa ita amana. Yana da wani maƙwabci, magidanci, ya iya tuƙi amma ba shi da abin tuƙawa, ga matarsa da tsohon ciki, ga tukunya tana kwana ba a ɗora ba. Shi ne tsohon ya kira. Ya miƙa masa gwangwanin wani mai da ake shafa wa fenti don kada rana da ruwan sama su cinye shi, kamar dai makubar da muke zuba wa daɓe. Ya ce ya je kasuwa ya samo soso, ya shafe motar kafin ruwan fari. In ya gama, ya zo ya karɓi makulli.

Mai shago ya baje masa soso iri-iri. Akwai na katifa, rawaya, mai laushi kamar kumatun jariri. Akwai wanda aka naɗe da ƙyalle mai gashi-gashi. Akwai kuma wani kore mai kaushi, na kankare datti. Mai shago ya gaya masa sabon fenti lallausan nan yake so, a ɗiga man kaɗan-kaɗan, a bi shi a hankali cikin inuwa, kuma in soson ya faɗi ƙasa kada a sake kai shi jikin mota, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ɓarna. Magidanci ya murza lallausan a hannu, ya ce wannan ai wasan yara ne, sai ya kai shi gobe bai gama ba. Gobe kuwa kasuwar wani ƙauye ke ci, fasinja kamar ƙasa, yana so ya kwana da makulli a aljihu. Ya ɗauki mai kaushin. Da rana tsaka, ƙarfe ya yi zafi, ya kwarara mai, ya danna ƙarfinsa yana dirza kamar mai wanke gindin tukunya. Man yana jiƙe motar tana ƙyalli, har da 'yar waƙarsa. Da ya goge man, sai ga gaban motar da gefe guda duk zane, zagaye kan zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Shuɗin nan ya yi hazo irin na idon mai motar.

Magidanci ya ja baya ya dubi ɓarnar. Shaiɗan ya raɗa masa ya watsa mata ƙura, ai tsoho ba ya gani sosai. Allah Ya taimake shi bai bi ba, ya je ya faɗa da bakinsa. Tsoho ya zo ya shafa motar da tafin hannu tun daga fitila har ƙofa, ya aika aka kira mai fenti. In zanen ya ratsa fentin har ƙasa, sai an kankare an sake fenti gaba ɗaya, kuma daga magidanci har tsohon babu mai halin haka. Mai fenti ya durƙusa, ya ja farcensa a kan zanen, ya sake ja a wani wurin. Farce bai maƙale ba. Ya miƙe ya ce, “Bai ci ciki ba, Baba. Zai fita.” Magidanci ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala, gumi na zuba, sai ka ce wanda aka tsamo daga rijiya.

Motar ta tsira, abincinsa ma ya tsira, don tsoho bai kore shi ba, daga baya ma ya ba shi makullin. Amma ba a banza ba. Mai fenti ya ba shi man cire zane, magidanci ya koma shagon nan kansa a sunkuye ya sayi lallausan soson da ya raina. Ya zauna gindin darbejiya yana bi, faɗin tafin hannu bayan faɗin tafin hannu, har kafaɗarsa ta ƙi ɗaguwa. Kasuwar da yake wa gaggawa ta ci ta watse, wata ma ta ci ta watse, yana nan yana murza. Da ya gama, tsoho ya ba wani direba makulli na damina ɗungurungum, shi kuma aka sa shi yaron mota. Mutum da gemunsa yana kiran fasinja, yana loda buhuna cikin ruwan sama. A haka aka yi sunan ɗansa. Bai zauna kujerar direba ba sai da aka yanke gero.

To, ka ji. Wanda ya ƙi ba aiki yini guda ya ba shi damina. Shi ya sa Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.