Sunan Inna a Bakin Na'ura

Kowace Laraba Iya Tabawa kan je rumfar magani ta bakin kasuwa ta karɓi kuluwa, ƙwayar nan da ta kori kowace cuta daga ƙasa. Na'ura ce ke rabawa, kuma ba ta sakin ƙwaya sai mutum ya faɗi sunan maganin da bakinsa. Wanda ya tsallake mako guda kuwa, duk cututtukan da aka tare masa sukan sauko masa rana ɗaya.

Yau ma ta yi shiru har mutanen layi suka fara tsaki.

"Iya, ki ce kuluwa kawai," in ji ma'aikaciyar rumfar. "Kalmar Turawan da ce, wai maganin komai. A makaranta aka koya mana."

"'Yar nan, sunan mahaifiyata ne. Ita ke dafa saiwar maganin nan a tukunyar ƙasa, tana ba kowa sadaka. Baƙi suka zo, ta shimfiɗa musu tabarma, ta kai su har gindin bishiyar. Yanzu waya ce kewaye da wurin."

Ma'aikaciyar ta yi irin murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Kafin zuwan na'urar nan, Tabawa ba ta taɓa kama sunan uwarta ba. Ko 'yarta da ta ci sunan, Ummi take ce mata. Gwiwoyinta sun fara zogi. Ta sunkuyar da kai, ta faɗa a hankali.

"Ba a ji ba," in ji na'urar. "A ɗaga murya."