Masu Sayen Ƙarƙashin Gado

"Malama, kamfanin man shafawa ya nuna kin ci kamasho wata goma sha biyu cur," in ji jami'in haraji, ya turo min fom. "Cike ki biya."

Raina ya ɓaci. In wuni ina koyarwa, in tashi in bi gida-gida da jaka har dugadugaina su tsage, sannan ni za a tatsa?

"Ka ga alamar riba a jikina?"

"Har lambar yabo suka ba ki. Ina littafin cinikinki?"

Na buga masa shi a tebur. Ya bi jerin masu saye da yatsa: yayata, ƙanwar mijina, goggo, kakata.

"Kakar taki akwai son gayu!"

Shekararta uku a kabari. Duk ƙarshen wata da albashina nake saye, in rubuta sunayensu, don in cike adadin da kamfani ya yanka, kada a cire ni daga sahun gwanaye.

Na biya. Ina isa gida na ɗage zanen gado. Kwali arba'in, ko ɗaya ba a buɗe ba.

"To ku fito," na ce musu. "Harajinku ma ni na biya."