Baƙin Sama a Taman Melati

Daƙiƙa goma sha ɗaya kacal Datti ya ɗauka a waya: wani abu kewayayye, mai ƙyalli, yana juyi a saman benayen Taman Melati, ana iskar hadari bayan la'asar, kwana uku da Babbar Sallah. Kafin magariba bidiyon ya zaga Kuala Lumpur, ana cewa jirgin baƙin sama ne. Kafin Juma'a sojojin sama sun ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Shekararsa biyar yana digiri na uku, ko malamin da ke duba aikinsa bai taɓa neman jin ra'ayinsa ba. Yau ga kyaftin guda da littafi a hannu. Datti ya shiga ɗaki ya sako babbar riga.

"Encik Datti, ka tabbata lah?" in ji kyaftin, da salon maganar 'yan Malesiya. "Wanda ya kawo wa soja rahoton ƙarya, bizarsa ta tafi."

"Yallaɓai, ni fa scientist ne," in ji Datti, ya rattaba hannu.

Sai da biro ya bar takarda ya fara lissafi. Saura wata huɗu ya kare kundinsa. In aka kore shi yanzu, da wane ido zai sauka a Kano?

Matarsa Hansatu, wadda ko ƙuda ya gifta sai ta yi masa sharhi, ta kawo wa baƙi shayi a kan murfin tukunya, ta koma ciki ba ta ce uffan ba.

Sojoji suka killace unguwa. Suka hau rufin bene, suka wuce takardar da masu gida suka manna tun bara, cewa duk wanda ya sake yin shanya a nan ya tattara komatsansa. Can suka tarar da bulo huɗu a jere. Kyaftin ya auna tsakaninsu da tef, ya rubuta: wurin sauka.

A wajen ajiye motoci kuwa, sai ga wasu jajayen ɓarɓashi manne da gilasai. Mutane cikin fararen kaya suka tsince su da hantsaki. Ɗaya ya yi gangancin cire takunkumi, ya yi atishawa bakwai, hawaye na zuba, aka wuce da shi asibiti. Magunan unguwa suka raka motar sojoji har bakin titi.

Mako biyu Datti yana rama. A shagon shayi da ake kira mamak, abokinsa Zahraddeen kullum sai ya tsokane shi: "Dakta UFO, sun ba ka scholarship ɗin duniyar wata ko da saura?"

Ran Litinin rahoto ya fito, shafi arba'in. Sinadarin yana ƙona ido da hanci, babu irinsa a kundin soja. Ba a gano asalin abin ba. Mai shaida ya faɗi gaskiya.

Datti bai jira lif ba, da ƙafa ya haye hawa tara.

"Hansatu! Gaskiya ta yi halinta! Ciko mana babban farantinki na Kano da kilishin layyar nan, yau Zahraddeen zai ci da kunya."

Hansatu ta leƙa waje, ta turo ƙofa, ta sa sakata.

"Baban Walida, rufa mana asiri ka rage murya. Farantin shi ka ɗauka a bidiyo, kilishin kuma yana hannun sojoji."