Jakar Famke a Sandar Tuta

A ƙasar Holan, in yaro ya ci jarrabawar gama makaranta, akan rataya jakarsa a sandar tutar ƙofar gida. Tun da teku ya cinye rabin ƙasar, hukuma ta kafa doka: duk gidan da aka ga jaka, jirgin ruwa zai zo ya kai yaron tudu. Tsofaffi kuwa ba su da gurbi.

Ran da jikarsa Famke ta ci tata, tsoho Wiebe ya fito da tsani.

"Kaka, bari mana," in ji ta. "Sai mu ce faɗuwa na yi. Wa zai zauna da kai?"

"Mu da ko labule ba ma saki, don ba ma ɓoye komai? Riƙe min tsanin."

Ya hau, ya ɗaure jakar tamau. Duk layin jakunkuna ne, rana ta koɗar da su.

Suka koma ciki, ya zuba gahawa. A gidansa biskit guda ake ba kowa, a rufe gwangwani. Ya ba ta guda, ya tsaya, ya ƙara mata.

"Kaka, biyu?"

"Ci. Ga jirgin can."