Jagoran Ƙanƙara

Kwana da kwanaki Innokenti Lukich yana tsaye a ɗakin tuƙi, madubin hangen nesa manne a idonsa, bai ga ƙanƙara ko da mai girman kofi ba.

Ganin ƙanƙara kuwa shi ne aikinsa. Tun yana saurayi ake ɗora shi a jiragen baƙi ya ratsa da su tekun arewacin Siberiya, ya ce a bi nan, kar a bi can. A da, kyaftin da kansa ke tashi ya ba shi kujera. Bana teku ta buɗe fayau, jiragen kwantena suna ta zirga-zirga daga Sin zuwa Turai kamar a kan kwalta, shi kuma ya koma kaya cikin kaya.

Kyaftin ɗin wannan jirgin, Dalisay, ɗan Filifin ne, matashi mai fara'a da bakin tsiya.

"Dattijo, yau ma ba ta zo ba? Ko in sa kuku ya buɗe maka firij ku gaisa?"

Kyaftin bai ɓoye masa ba: kamfani na jiran bayanin da zai aika a ƙarshen tafiya. In ya ce hanya lafiya lau take, baɗi ba za a ɗauki jagora ba.

Innokenti ya nemi wayar jirgi ya kira matarsa Fevroniya a ƙauyenmu.

"Sun gama da ni, tsohuwa. Daga baɗi ina gida, rani da damina."

Rabon da ya yi bazara a gida tun shekarar da ya karya ƙafa, lokacin da ya koya mata yadda ake sa wa kifi gishiri, ya sake wa tukwanenta wurin zama, ya bi gida-gida da sanda yana gyara wa maza ɗaurin raga.

"Yaushe za ku wuce ta gaɓarmu?" ta ce.

"Jibi da hantsi."

"To. Ka rufe kunnuwanka da hula."

Iyakar jajen da ya samu ke nan. Fevroniya dama ba ta iya lallashi ba.

Jibin ya zo da hazo. Da jirgi ya kawo daidai tsinin ƙasar da ƙauyenmu yake bayansa, Innokenti ko waiwaye bai yi ba. Yana zaune a lungu yana ɓare albasa don rashin abin yi, sai mai gadin goshin jirgi ya kwarma ihu.

Ga su nan, curi-curin ƙanƙara. Farare, birjik a kan ruwa, suna lilo daidai hanyar jirgi.

Albasa ta faɗi. Mutumin da ya yi mako yana jan ƙafa ya kai taga da tsalle ɗaya.

"Rage gudu! Hagu! Hagu na ce, ɗan nan, ba ka san hannun da kake wanke gindi da shi ba?"

Dalisay, wanda bai taɓa ganin ƙanƙara a waje da kofi ba, ya yi tsuru-tsuru. "Ai ƙanana ne, Dattijo."

"Abin da ka gani ne ƙarami. Uwarsu tana cikin hazo."

Ya sa aka zura ƙugiya aka jawo guda. Ya durƙusa gaban ma'aikata duka, ya lasa, ya lumshe ido. Babu gishiri ko kaɗan. Ya bayyana musu cewa ƙanƙarar teku sai ta yi shekaru take zubar da gishirinta, kuma irin wannan tsohuwar ita ce ke farke cikin jirgi kamar gwangwanin kifi.

"Me ya sa take da kusurwa haka, kamar bulo?" in ji kyaftin.

"Haka tsohuwa take tsagewa."

"Wannan ciyawar da ke ciki fa?"

"Daga gaɓar Kanada ta kwaso ta. Ka ga nisan da ta yi."

Can cikin hazo ana jin ƙarar injinan kwale-kwale suna nisa. Innokenti ya yi tsaki, ya ce masuntan yanzu ba su da hankali, wa zai fito cikin irin wannan haɗari.

Wuni guda ya yi yana lallaɓa jirgin kamar mai ɗauke da ƙwai. Kafin la'asar kyaftin ya tashi ya ba shi kujera. Bayanin da ya aika wa kamfani kuwa, ba jagoran baɗi kaɗai ya tabbatar ba, har da na shekarun gaba, kuma da sunan Innokenti.

Innokenti ya dawo gida kafin tafkin ƙauyenmu ya daskare. Maƙwabta suka cika ɗaki, kowa da murna fiye da yadda ya zata. Kafin a gama cin naman barewa ƙanƙarar da yake ba su labari ta kai girman gida, kafin a kawo shayi ta kai coci.

Ya kurɓi shayin, ya yamutsa fuska. Mu nan ba ma shan ruwan banza. Da sanyi ake yanko ƙanƙarar tafki da zarto, a jera a ramin ƙarƙashin ƙasa, ita ake narkarwa a sha har shekara ta zagayo.

"Wannan ai ruwan sama ne, har da warin ganga! Ina wadda na yanka miki da hannuna, cike da rami?"

Kowa ya sunkuya yana duba cikin kofinsa.

Fevroniya ta tura masa sukari. "Ita ka lasa a jirgi, tsoho. Tamu da ta gari duka. Da na ce musu daga baɗi kana gida, babu wanda ya bar ko gutsure guda a raminsa."