Sa Hannun Baba Ado

Ranar da Walida ta cika kwana tara a aikin, ta ga Baba Ado yana sa hannu a takarda da sunan Minista.

Ta fito daga kicin da kofin shayi, yana zaune a teburin falo, tabarau a kan hanci. Ya ja alƙalami ba ko ɗar, ya rubuta Edouard Sauvel, ya naɗe takardar ya tura cikin ambulan. Can gefen taga Baturen da take jinya yana kan keken guragu, yana kallon motocin da ke zagaya tafkin Titiwangsa.

Walida ɗalibar koyon jinya ce a ƙasar waje, a shekararta ta biyu. Anti Hansatu, mai sayar wa ɗalibai kayan miyar gida a unguwar Danau Kota, ita ta samo mata aikin a farkon 2006.

"Gidan wani babban Bafaranshe ne," ta ce mata. "Da lauya ne, ya riƙe minista, yanzu yana da kamfanin jiragen ruwa masu ɗaukar manja. Akwai marar lafiya, kuma mai jin Hausa suke so. Ki yi aikinki ki kama bakinki, bizarki ba ta aiki ba ce."

Ta kama bakin. Idonta ne ya ƙi kamuwa.

Baturen shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Baba Ado, dogon tsoho baƙi mai Hausar Damagaram da ta ɗan yi tsatsa, shi ke buɗe ƙofa, shi ke aske masa gemu, shi ke ba shi abinci a baki. Wannan duk aikin bara ne. Amma wane bara ne ke kwana a babban ɗaki, a ajiye marar lafiya a ƙarami?

A bangon falo akwai guntun jarida cikin gilashi. Da ɗan Faransancin da ta koya a sakandare ta haɗa labarin: shekara ashirin Sauvel yana kare ma'aikatan tashar ruwa a kotu, shekara uku yana minista, sannan ya ajiye siyasa ya shiga kasuwanci. Kusa da jaridar akwai hoto. Baturen, lokacin yana da ƙarfinsa, cikin baƙin kwat, hannunsa a ƙofar wata doguwar mota. Baba Ado na tsaye a bayansa riƙe da jaka.

Daga ranar ta fara lura da komai. In waya ta yi ƙara, Baba Ado ke ɗauka, aka ambaci sunan Minista sai ya amsa. Wasiƙu shi ke farkewa. Wata safiya ta ga ya fita sanye da kwat mai ɗan jan ƙyalle a ƙirji, irin na masu lambar girma. Baturen ya bi shi da ido har ƙofa, ya yi yunƙurin miƙewa, ya kasa, hawaye suka zubo masa.

"Baba, 'yan'uwansa ba sa zuwa ne?" ta tambaya wani yammaci, kamar da wasa.

"Ba shi da kowa, 'yata. Ni ke nan."

Ya faɗa yana murmushi. Murmushin ne ya tsinka mata zuciya.

Sati na uku wasu mutum biyu suka zo da jakar takardu. Tana daga kicin ta tsinci abin da ya ishe ta: za a sayar da kamfanin, ranar Juma'a za a rufe gidan, za a ɗauke marar lafiya zuwa wani ƙauye a kudancin Faransa inda ba wanda zai dame su. Baba Ado ya sa hannu shafi bayan shafi. Ba wanda ya ko waiwayi Baturen.

Ta tarar da Anti Hansatu a shagon shayi da ake kira mamak, ta zayyana mata.

"Ke, ina ruwanki? Kika kira hukuma, ke za su fara tambaya takardu. Mahaifinki ya turo ki karatu ko bincike?"

Walida ta kwana biyu tana juya maganar. Ranar Laraba, tana shafa wa Baturen mai a hannu, ya damƙe yatsunta da hannunsa mai lafiya, ya yi ta motsa baki, ba abin da ya fito. Ta sauka ƙasa, ta shiga rumfar waya, ta kira ofishin jakadancin Faransa. Ta ce tsohon ministansu yana hannun baransa, ba ya iya magana, ana sa hannu da sunansa, jibi za a ɓatar da shi. Ta ba da sunanta na gaskiya.

Ba a yi awa biyu ba aka ƙwanƙwasa. Wata Baturiya ce mai gajeren gashi, da ɗan sanda a bayanta. Walida ta buɗe musu, ta nuna keken da ke gefen taga.

Baba Ado ya fito daga kicin, tawul a kafaɗa, kwanon kunun marar lafiya a hannu. Ya dubi ɗan sandan, ya dubi Walida.

Baturiyar ta wuce keken kamar ba ta gan shi ba. Ta tsaya gaban Baba Ado, ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, Minista Sauvel, an ce mana kana cikin haɗari," ta ce. Sannan ta juya wajen taga, muryarta ta yi laushi. "Yaya jikin direban naka?"